Kunyoyi Shida a Gonar Rogo

Akwai wata safiya da ko na tsufa har na daina gane fuskokin jikokina, ba na jin za ta fita daga kaina. Safiya ce ta lokacin sanyi. Na fita da kyamara neman abin da zai yi kyau a bango, na dawo gida da abin da har yau in na tuna sai na nemi wuri na zauna.

Ni mai hoto ne a Kilomita Biyar, unguwar Musulmi da kasuwa a birnin Bangui. Shagona yana bakin kasuwa, tsakanin mai sayar da wayoyi da mai atamfa. Aikina hoton katin shaida, hoton biki, hoton suna, sai 'yan makaranta in shekara ta ƙare. Kafin wannan lokacin ban taɓa ɗaukar abin da ba shi da fuska ba. Sai wani Alhaji ɗan Nijar mai babban kantin sari ya zo mini da magana. Yana son kalandar sabuwar shekara da zai raba wa abokan cinikinsa, amma ba ya son hoton mutum a ciki, domin a cewarsa mutane ba sa rataya irin wannan a ɗakin da suke salla. Daji yake so, da tuddai, da gonaki. Na ce masa ai ya zo a kan gaɓa, yanzu ne lokacin sanyi, in ka fita gari da sassafe za ka tarar da farin hazo mai danshi ya taso daga rafuka ya kwanta a kan kwaruruka kamar an shimfiɗa auduga. Ya yi dariya ya ce, "Ku wannan ne kuke kira sanyi? To, je ka kawo mini sanyin naku in gani."

Kafin in ci gaba, sai na gaya muku wani abu game da gidanmu. Ina da wa, uwa ɗaya uba ɗaya, direban kamiyo ne, babbar motar da ke ɗauko kaya daga Kamaru. Lokacin da rikici ya ɓarke a ƙasar nan, mun bar gidanmu na unguwar Miskine muka shigo Kilomita Biyar da abin da hannu ya iya ɗauka. A cikin kwanakin ne Yaya ya cika motarsa da mutanen da ke son tsira zuwa iyaka, ya ce zai kai su ya dawo ya kwashe mu. Bai kai ba, bai kuma dawo ba. Wasu daga cikin fasinjojin sun ɓulla daga baya a ƙafa, suka ce an tare motar a hanya, kowa ya yi ta kansa cikin daji, ba wanda ya san inda direba ya shiga. Shekara tara muna cikin wannan hali. Mahaifiyarmu, Inna, ba ta yarda a yi masa sallar gawa ba. Duk kamiyon da ya iso daga Kamaru sai ta tura a tambayi direban ko ya ga mutum mai kama kaza. Matarsa kuwa tana zaune da 'ya'ya biyu a ɗakin da ke kusa da na Inna, ita ba mai aure ba, ita ba bazawara ba. Danginta sun yi ta fama da ita ta je wurin malamai a raba auren, ta ce ba za ta raba aure da mutumin da bai sake ta ba.

To, hanyar da motar Yaya ta bi, ita ce hanyar da ta fi tuddai da kwaruruka. A cikin shekarun nan tara ban taɓa bin ta ba. A lokacin na gaya wa kaina cewa hoto ne ya ja ni can. Yanzu da na ƙara shekaru, ina zargin akwai wani abu a ƙasan zuciyata da ya daɗe yana son ya ga hanyar da idonsa, kalandar Alhaji ta zame masa dalili. Ban gaya wa Inna inda za ni ba. Na ce mata aiki ne a bayan gari.

Ana idar da sallar asuba na hau moto, wato babur. Na sa rigar sanyi biyu, na cusa kyamarar a ƙirjina cikin riga, saboda wani tsohon mai hoto ya taɓa gaya mini cewa sanyi yana shanye batir, kuma in gilashi ya yi gumi da raɓa sai ka jira ya bushe da kansa, in ka goge da gaggawa ka ɓata shi. Na ɗaure maɗaukin kyamara mai ƙafa uku a baya. Na wuce shingen bakin gari, na miƙe. Iska tana yanka yatsuna kamar reza. A ƙauyukan bakin hanya mutane sun kewaye 'yan wutacen kara, sun lulluɓe da zannuwa, hayaƙi yana tashi a miƙe saboda ba motsin iska a ƙasa. Mangwarori sun yi fure. Ina wucewa ina jin idanu a kaina, ko da yake watakila ba wanda ya damu da ni. Gaskiya ita ce a wancan lokacin duk mutumin da ke zaune a kan hanyar nan, a wurina, yana da hannu a abin da ya sami Yaya. Ban taɓa faɗa a fili ba, amma haka na ɗauka.

Na yi tafiyar kusan awa guda kafin in ga wurin. Hanya ta hau tudu ta karkata, a hannun dama ƙasa ta gangara zuwa wani rafi da ba a gani, hazo ya cika kwarin har baki. Kawunan itatuwa ne kaɗai suka fito, kamar tsibirai. Rana ta fara leƙowa ta bayan wani tsauni, ja-ja-ja, ba zafi. Na tsaya na kashe moto na tura shi cikin ciyawa. Na san ina da ɗan lokaci kaɗan, domin da zarar rana ta yi ƙarfi hazon zai watse.

Na bi wata siririyar hanya ta cikin gonar rogo, raɓa tana jiƙa mini wando har gwiwa. A tsakiyar gonar sai na tarar da wani fili a ƙarƙashin wata babbar itaciya, an share shi tas, ba rogo, ba ciyawa. Akwai wasu tsofaffin kunyoyi guda shida a jere, sun kwanta sun yi faɗi, an jera duwatsu a gefensu. Ban yi wani tunani ba. Abin da na gani shi ne tudu da zai ɗaga ni sama da ganyen rogon. Na hau kan wadda ta fi tsawo, na dasa ƙafafun maɗaukin a cikin ƙasa, na danna su sosai don kada su yi rawa. Na ɗauka. Na gyara haske na sake ɗauka. Wallahi har murmushi nake yi ni kaɗai. A rayuwata ban taɓa ganin abu mai kyau irin wannan a cikin gilashi ba.

Sai na ji murya a bayana, da Sango, yaren ƙasar nan, ba da ƙarfi ba.

"Sauko daga kan mutane."

Na juya. Wani tsoho ne, siriri, cikin tsohuwar kwat da ta yi masa yawa, da adda a hannunsa. Idona yana kan addar, ban ma fahimci abin da ya ce ba. Na gaishe shi da sauri, na ce, "Bara ala, Baba. Hoto kawai nake ɗauka, ba na taɓa rogo."

Ya ce, "Ban yi maganar rogo ba. Na ce ka sauko. Mutane ne a ƙarƙashinka."

Na dubi ƙafafuna. Na dubi tsawon kunyar, na dubi duwatsun. Duk shidan sun kwanta a layi ɗaya, kowace tsawon mutum. Ban san yadda na sauko ba, na dai tsinci kaina a ƙasa, na bar kyamarar a tsaye a can. Shi ne ya ajiye addar, ya je a hankali ya zare ƙafafun ɗaya bayan ɗaya, ya miƙo mini, sannan ya durƙusa ya toshe ramukan uku da tafin hannunsa. Ina tsaye ina ta innalillahi a ƙasan maƙoshi.

Ya ji abin da nake faɗa. Ya ɗago ya dube ni da kyau. Ya ce, "Kai Musulmi ne."

Na ce eh. Ba amfanin ƙarya.

"Daga ina?"

"Kilomita Biyar."

Sannan ya ce, "Waɗannan mutanenku ne." Ya nuna tudun da na bar moto, ya ce a can aka tare wata babbar mota a shekarar tashin hankali. Shi da matarsa suna gona, suka ji harbi, suka kwanta cikin rogo har wuri ya yi tsit. Waɗanda suka yi abin ba 'yan ƙauyen ba ne, in ji shi, amma akwai 'yan ƙauyen da suka je suka kwashi kayan motar daga baya, bai ɓoye mini wannan ba. Washegari ya tarar da gawa biyar a gangaren, mata biyu, maza uku. Na shida yana da rai. Ya ja jiki har bakin rafi, harbi a ciki.

Ya ce, "Ɗana, jira ni a nan. Kada ka tafi. Na roƙe ka da Nzapa." Wato Allah.

Ya nufi wata bukka a ƙarshen gonar. Da na so gudu da na gudu, moto yana nan. Amma na tsaya na jira shi. Ya dawo da wani tsohon gwangwanin madara, an naɗe shi da leda an ɗaure da roba. Ya ce, "Ku a can kun san juna. Ka duba, ko za ka gane masu shi."

Na buɗe. Akwai ɗan kunne guda ɗaya, da carbi mai baƙaƙen 'ya'ya, da zoben azurfa, da mabuɗin ƙofa a jikin zare. A ƙasa akwai wata takarda a ninke cikin leda. Permi ne, lasin tuƙi. Na buɗe shi.

Ban fara karanta sunan ba. Hoton na fara gani. Jan labulen da ke bayan mutumin na gane, labulen shagona ne na farko, mai ɗan ƙonewar guga a gefe. Ni na ɗauki hoton. Na tuna ranar, ya shigo da gaggawa motarsa tana jira, na ce ya gyara wuyan rigarsa ya ƙi, ya ce 'yan sanda ba wuyan riga suke dubawa ba. Ga wuyan rigar nan a karkace.

Ban yi kuka ba. Mutane suna tambayata, sai in ce ban yi ba. Abin da ya faru shi ne kunnuwana suka toshe, na ga bakin tsohon yana motsi ba na jin komai. Na zauna daɓas a kan ƙasa mai raɓa. Da jina ya dawo, abin da na iya cewa shi ne, "Wacce ce tasa?"

Ya dube ni, ya dubi hoton, ya sake dubana. Na ga lokacin da ya gane. Ya ɗora hannu biyu a ka. Sannan ya nuna wadda ta fi tsawo. Wadda na hau.

Hazon ya watse ban ma lura ba. Daga baya ya ba ni sauran labarin, a hankali. Shi da matarsa suka ɗauke Yaya suka ɓoye shi a bukkar nan, suka rufe ƙofar da buhunan rogo. Ba magani, ba halin kai shi ko'ina. Kwana biyu ya yi kafin ya cika. Matar tana ɗiga masa ruwa da kunu a baki. Da Yaya ya ji an ce za a binne sauran, sai ya roƙi tsohon kada a zuba su rami ɗaya. Ya koya masa yadda ake yi: kowa da raminsa, a kwantar da shi a gefen dama, fuska ta kalli can. Ya ɗaga hannu ya nuna masa wajen. Tsohon ya kafa sanda a inda ya nuna don kada ya manta. Shi kaɗai ya haƙa biyar ɗin, da fartanya da adda. Da ya dawo ya gaya masa an gama, Yaya ya ce, "To ka san yadda za ka yi da ni." Ya ba shi permin, ya ce a kai Kilomita Biyar, a tambayi mahaifiyar direba mai sayar da yaji a bakin masallaci.

A nan ne wani abu ya taso mini. Na miƙe tsaye. Na ce, "Baba, shekara tara. Ya gaya maka inda za ka kai. Shekara tara uwata tana tsayar da motoci tana tambaya. Matarsa tana zaune."

Bai kare kansa ba. Ya ce, "Na zo. Sau biyu na zo. Na kai har Miskine, ina hango inda unguwarku ta fara. Sai na ce a raina, in na shiga da takardar mamaci a aljihuna, wa zai yarda ba ni na kashe shi ba? Na juya. A nan kuma, da an san na ɓoye ɗayanku, da an ƙone mini gida. Daga baya da ƙasa ta lafa, kunya ce ta hana ni. Kowace shekara tana ƙara nauyi. Matata ta mutu tana ce mini in kai." Ya sunkuyar da kai. "Abin da na iya shi ne shara."

Ina jin haushinsa, ina kuma ganin filin da ya hana kansa nomawa shekara tara, a tsakiyar gonar da ba ta da girma.

Yadda na tuƙo moto na dawo Bangui, Allah kaɗai ya sani. Na iso wajen azahar, kasuwa tana tsakiyar ci, masu turin kaya suna ihu, komai yana nan yadda na bar shi, abin ya ba ni mamaki kamar ya kamata a ce an rufe gari. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗen yaji, matar Yaya tana wanki. Na durƙusa a gaban Inna na ajiye permin a kan zanenta.

Ta goge hannunta, ta ɗauka, ta kai shi kusa da ido. Ta daɗe. Matar Yaya ta taso da kumfa a hannu ta leƙa ta kafaɗarta, sai ta yi wani sauti da ban taɓa ji daga bakin mutum ba, ta zube. Inna kuwa ba ta motsa ba. Tambayarta ta farko ita ce, "An rufe shi?"

Na ce an rufe shi.

"Ya kalli gabas?"

Na ce ya kalla, shi da kansa ya nuna.

"Ya sami mai ba shi ruwa?"

Na ce ya samu. A nan ne ta rufe fuskarta da mayafi.

Bayan kwana uku muka koma, a motar haya, da liman da wasu dattawa biyu. Liman ya duba inda kaburburan suka fuskanta, ya girgiza kai, ya ce da shi ne ya auna ba zai fi haka ba. Aka yi musu salla su shida. Tsohon ya tsaya can nesa da hularsa a hannu. Da aka gama Inna ta ce a kira shi. Ya zo yana ja da baya, ya durƙusa, ya fara ba ta haƙuri kan rashin kai saƙo. Ta dakatar da shi. Da Sangonta na tsofaffi ta ce, "Tashi. Na san unguwarmu a wancan lokacin. Da ka shigo, watakila yau ni ce a gaban 'ya'yanka ina neman gafara. Kai ka yi masa abin da ni ban samu na yi ba. Singila." Da wannan kalmar ta gode masa, ta kuma tambayi inda aka binne matarsa, ta ce a kai ta ta tsaya a wurin.

Liman ya ce takaba ta daɗe da faɗuwa daga kan matar Yaya, tunda ranar rasuwa ta yi nisa. Ta ce ta ji, amma sai da ta zauna a ɗaki kwana arba'in. Ta ce ba a taɓa ba ta damar yin kukansa ba. Bayan shekara guda ta yi aure, Inna ce ma ta tsaya mata a matsayin uwa.

Sauran kayan gwangwanin na ɗauki hotonsu ɗaya bayan ɗaya a kan farin ƙyalle, na wanke manya, na liƙa a ƙofar shago. Wata guda ba wanda ya tanka. Sai wata rana wani mai gyaran rediyo ya tsaya a gaban hoton zoben, ya yi ta kallo, ya shigo ya tambaye ni ko akwai ɗan tsagu ta ciki. Akwai. Na mahaifinsa ne. Ɗan kunnen da carbin da mabuɗin har yau ba a zo ba. Mai yiwuwa masu su suna Chadi ko Kamaru, suna can suna tambayar direbobi.

Na kan je wurin tsohon duk bayan 'yan watanni, in kai masa gishiri da sabulu da sukari, mu share filin tare. Ba mu cika magana ba. Ƙarfinsa ya ragu yanzu, babban ɗansa ne ya karɓi gonar, kuma ya ce mini uban ya sa shi ya rantse ba zai taɓa sa fartanya a wurin ba.

Abin da wannan al'amari ya koya mini ba shi da daɗin faɗa, domin kaina yake tona wa asiri. Shekara tara na yi ina yanke wa mutanen hanya guda hukunci a zuciyata, ban san fuskar ko ɗaya daga cikinsu ba. A cikinsu akwai wanda ya kwashi kayan mamaci, gaskiya ne. A cikinsu kuma akwai wanda ya haƙa kabari shida da hannunsa, ga mutanen da ba danginsa ba, ba addininsa ba, a lokacin da yin hakan zai iya jawo masa mutuwa. Tsoro ya hana shi cika alkawari, kamar yadda tsoro ya hana ni bin hanyar in tambaya, ni da nake ƙanin mamacin. Da ɗayanmu ya yi ƙarfin halin taka 'yan kilomitocin nan, da uwata ba ta yi shekara tara a bakin titi ba. Tun daga lokacin, in na ji zuciyata tana cewa "mutanen can duk haka suke," sai in ce mata ta yi shiru, har sai na je na zauna da ɗayansu na ji abin da shi ma yake ɗauke da shi.